Kawu Baɗi da Hanyar Gembu

Duk wanda ya taɓa tambayar Kawu Isiyaku hanya sau ɗaya, bai sake ba. Kai dai ka ce masa, Kawu ina ne shagon mai gyaran rediyo, sai ya ce ka zauna. Ya zaro biro daga bayan kunne, ya yago kwalin sukari, ya fara nuna maka inda gabas take, sai ka ce salla ka ce masa za ka yi. Kafin ya gama zana maka kwalbati da darbejiya da inda akuyar gidan wane take kwanciya, mai rediyon ya rufe shago ya tafi cin abinci. Abin da ya fi tsana a duniya shi ne a ce masa wuri "nan kusa ne". Ya ce mutum ya turo leɓe ya nuna maka, ya ce nan kusa ne, ka yi ta tafiya har silifas ɗinka ya tsinke, shi kuwa yana can yana shan furarsa. A wurinsa wannan ba ƙarya ba ce kawai, zalunci ne.

Ƙanen mahaifiyata ne, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. Ya ƙare ƙuruciyarsa a ofishin safiyo yana zana filayen mutane, ya yi ritaya bai mallaki ko ɗaya ba, sai gidan gadon nan na Samaru. Ku da kuke zama da shi a benci, ƙofar garejin Oga Sande a Sabon Gari, ba da Isiyaku kuka san shi ba. Baɗi kuke ce masa. Ranar jana'izarsa ma da kunnena na ji wani a sahun baya ya ce Allah ya jiƙan Baɗi, na kusa da shi ya danne dariya da tari. Ban tanka ba a ranar. Yau zan tanka, amma bari mu fara yin dariyar tare, tunda ita kuka fi so.

Buri ɗaya Kawu yake da shi, ya hau tsaunin Mambila a kan babur, daga ƙofar gidansa har Gembu. Yana saurayi an taɓa tura shi can aikin awo na 'yan watanni, aka ɗora shi bayan babbar mota, a ƙarƙashin tamfol, tsakanin buhunan gishiri. Tun daga gindin tsaunin har samansa amai yake yi. Da suka isa, direba da yaransa suna ta labarin yadda hanya take naɗe dutse, da yadda gajimare yake kwance a ƙasan mota, shi kuwa gishiri kawai ya gani. Da za su sauko, zazzaɓi ya kwantar da shi, aka sake mayar da shi ƙarƙashin tamfol ɗin. Ya ce an hau da shi an sauko da shi kamar buhu, kuma kafin ya mutu sai ya ga hanyar nan da idonsa.

Abokan shirinsa uku ne. Na farko tsohon babur ɗinsa, wanda ya raɗa wa suna Alfadari. A kansa ya koya mini tuƙi, yana bina da gudu a baya yana riƙe da kariyar babur ɗin. Na biyu littafi. A unguwar PZ ya tsince shi, nan Zariya, wurin masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa, ba bango, ba sunan marubuci. Wani Bature ne ya zaga ƙasar nan a kan babur tun kafin a haife ni, ya rubuta inda ake kwana da inda ake samun mai da inda hanya take yankewa da damina. Kawu ya ɗinka masa bangon fata. Duk abin da littafin ya faɗa, an gama. Littafi ya ce akwai masauki a Serti da kukunsa ya iya gasa zabo, to akwai. Oga Sande, bakaniken Alfadari, Ibo haifaffen Sabon Gari da Hausarsa ta fi tawa, ya taɓa tuna masa cewa kukun nan ko ƙasusuwansa sun zama ƙasa. Kawu bai ko ɗago kai ba ya ce, "To bai bar 'ya'ya ba ne?"

Ta uku ita ce Madam. Na'urar nuna hanya ce, GPS ɗin nan da ake maƙalawa a kan babur, wani malamin jami'a da zai bar gari ya bar masa. Muryar mace ce a ciki, tana Turanci ta hanci, tana cewa yi dama, yi hagu. Kawu ya ce tunda tana magana sai a mutunta ta, sai a kuma gwada ta. Ya ɗauke ni a baya muka nufi Dogarawa, gidan wani abokinsa da ya sani kamar tafin hannunsa, amma ya ce yau bakin Madam zai bi. Ta ce dama, ya yi dama. Ta ce miƙe, ya miƙe. Lungu ya yi ta tsukewa har gwiwoyina suna gogar katanga. Ba mu ankara ba sai ga mu cikin zauren wani gida, gaban Alfadari ya ture labule, mata a tsakar gida suna wankin kai suka watse da salati. A daidai nan Madam ta sanar, cikin natsuwa, wai mun iso.

Kawu ya ba mai gidan haƙuri har da cire hula. Da muka fito ya tsaya, ya kalli na'urar ya ce, "Ke, a garinku haka ake faɗa wa gidan mutane ba sallama?" Mako guda bai kunna ta ba, wai horo ne.

Daga baya ya zama alƙali tsakaninta da littafi. Ya shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, taswira a tsakiya, littafi a dama, Madam a hagu. Daga Zariya zuwa Jos ba sa saɓani sosai. Rigimar tana wurin ƙetare kogin Binuwai. Littafi ya ce a bi ta Shandam a sauka Ibi, a sa babur a jirgin fito a ƙetare zuwa Wukari. Madam ta dage sai an zagaya an bi ta gada. Kawu ya saurari kowa, ya shafa gemu, ya yanke hukunci cewa littafi ne da gaskiya, domin mai shi ya je da ƙafarsa, ita kuwa daga sama take leƙe. Duk da haka bai kore ta ba. Ya ce mai leƙe ma yana da rana.

Kun san duk wannan, kun yi dariyarsa sau ɗari. Abin da ba ku sani ba shi ne abin da ya hana tafiyar.

Kawu yana da hawan jini, ya taɓa yanke jiki ya faɗi a masallaci. Matarsa, Inna Asabe, da ta ga shirin ya wuce wasa, sai ta ɗauko Alƙur'ani ta ce ya dafa ya rantse ba zai hau tsaunin nan shi kaɗai ba. Ya yi gardama kwana biyu, sai ya tarar littafinsa ma ya goyi bayanta, don Baturen ya rubuta cewa kada mai babur ya shiga duwatsu ba abokin tafiya. Ya yi alwala ya rantse. Oga Sande ya ce a cire shi a lissafi, shi ko bene ba ya hawa. Ina gefe ina cin tuwo, Kawu ya juyo ya ce, "Sabi'u fa?"

Na ce, "Ai ni zan raka ka, Kawu." Ko loma ban ajiye ba.

Mu ba ma ce wa babba a'a. Kun sani, na sani. Idan wanda ya riƙe ka ya nemi abu, sai ka ce to, sai ka bar wa lokaci ya yi maka aikin. Na ɗauka zafin ritaya ne, wata biyu zai huce ya koma kiwon kaji kamar sauran tsofaffi. Da rani ya shigo ya ce mu sa rana, lokacin ina shirin aure, na ce Kawu a bari sai baɗi. Ya ce gaskiya ne, aure ya fi tsauni. Da baɗin ta zo, matata tana da ciki. Wadda ta biyo baya, an ƙara mini aiki a ofis. Kowace shekara uzurina mai kyau ne, shi ya sa ma nake jin kunyarsu yanzu.

Shi kuwa bai zauna ba, ya ce jira ma shiri ne. Zariya ba ta da gangaren kirki, sai ya ƙirƙiro nasa. Daga Samaru zuwa PZ hanya ta ƙarƙashin gadar Kwangila take bi, amma Kawu sai ya ratse, ya zagaya, ya hau gadar, don kawai ya kashe inji yana saukowa. Ya ce yana koyon birki, yana kuma tsimin mai. Oga Sande ya yi ta nuna masa cewa man da yake ƙonawa wurin hawa ya ninka wanda yake tsimi wurin sauka. Kawu ya ce shi bakanike aikinsa ƙarfe, ba lissafi ba. Ran Asabar kuma sai ya ɗaure bargo da buta da jarka a kariya, ya saka kwat mai kauri cikin zafin bazara, ya tafi gindin dutsen Kufena ya yi ta hawa da sauka a 'yan tuddan wurin, masu kiwo suna kallonsa. Ya dawo gumi na ɗiga daga gemunsa, ya ce jiki na sabawa da sanyin Gembu. Har yau ban gane ta yaya ba.

Jarkar nan ma da labarinta. Littafi ya ce daga Bali zuwa sama mai yana wuya, sai Kawu ya cika jarka ya ɓoye a bayan ɗakin ajiya, ya ce na tsauni ne, ko gobara ake a gari ba mai taɓawa. An yi wahalar mai, Inna ta roƙa a zuba a janareta ya hana. Shi kansa ya tura Alfadari da ƙafa tun daga kasuwar Samaru har gida, jarka na nan cike. Bayan 'yan shekaru ya kira ni mu duba kaya, ya buɗe ta. Rabi ya tsere ta murfi, sauran ya yi ja kamar shayi, yana wari. Ya leƙa ciki ya daɗe, sannan ya ce, "Shi ya gaji da jira, ya riga mu tafiya." Na yi dariya sosai, har da riƙe ciki, don kada ya ga fuskata.

Ranar da sunan ya samo asali ina wurin. Na kai babur ɗina garejin Oga Sande, benci cike, Kawu ya baza taswira a cinya. Ɗaya daga cikinku, ba zan kama suna ba, ya san kansa, ya ce wai Isiyaku yaushe ne tafiyar nan, ko sai an shimfiɗa titin jirgin ƙasa? Aka kwashe da dariya. Kawu ya ɗago ya kalle ni. Ba harara ba ce, kallon mai jiran amsa ne. Ni kuwa na sunkuya ina duba tayar da ba abin da ya same ta. Ya naɗe taswirarsa a hankali ya ce, "Baɗi."

Shi ke nan, kuka samu abin yi. Baɗi an tashi lafiya? Baɗi ya sanyin Gembu? Baɗi a kawo mana tsarabar ganyen shayi. Yara a Samaru suka ɗauka, masu acaɓa suka ɗauka. Yana amsawa, har da ɗaga hannu. Kalma ɗaya zai faɗa ta wanke shi, ya ce Sabi'u nake jira, amma bai taɓa faɗa ba. Ni ma da bakina na kira shi Kawu Baɗi, ba sau ɗaya ba, don kada a ga na bambanta da ku.

Akwai shekarar da aka yi dogon yajin aiki, ina gida wata da watanni ba abin yi sai kallon ƙwallo. Ba aure, ba suna, ba ofis. Ya zo har gida da takardarsa, ya ce to yanzu fa? Na ce Kawu ai albashi ya tsaya, a bari a koma. Sai kuma hanyoyi suka lalace da masu satar mutane. Zan faɗi gaskiya tunda na fara: ranar da na ji labarin an tare hanyar da muka tsara bi, ban yi baƙin ciki ba, sanyi na ji a raina. Na ce yanzu kam uzurin ba nawa ba ne. Kawu bai karaya ba. Ya yi ta bin direbobi a tasha yana tambaya, ina ake bi, ƙarfe nawa ake wucewa, wane gari ake kwana. Ya goge, ya sake zanawa. Ya ce shi da Madam sun samo wata hanyar, ta fi nisa amma ta fi aminci. Na ce Allah ya kai mu baɗi.

Sau ɗaya ya kusa karya rantsuwa. Inna ce ta ba ni labari daga baya. Da sassafe ta fito ta ga ba shi, ba Alfadari, ba bargo. Ta zauna a ƙofar ɗaki ta kasa ko kuka. Kafin hantsi sai ga shi. Ashe ya kai har bayan gari, inda hanyar Jos ta miƙe, ya tsaya a gefen titi inji na aiki, ya daɗe, sannan ya juyo. Madam kuwa ba ta san da zancen ba. Tun daga can har Samaru take nanata masa ya juya, ya juya, ya bar hanya. Yana shigo da babur zaure tana kan faɗa. Inna ta ji ya ce mata, "Ke yi mini shiru. Ba ke kika dafa Alƙur'ani ba."

Ciwon ƙarshe a asibitin Shika muka yi jinyarsa. Ɓarin jikinsa ɗaya ya mutu, amma bakin yana nan. Wata rana da la'asar ina ba shi kunu, sai na ce Kawu ka warke mana, in Allah ya yarda baɗi sai Gembu. Ya kawar da cokalin da hannun da ke motsi. Ya yi murmushi da rabin fuska.

Ya ce, "Sabi'u, na daɗe da gane baɗin nan taka. Ita da nan kusa ne uwarsu ɗaya."

Na ce, "Kawu, me ya sa ba ka faɗa musu ni ne ba?"

Ya ce, "Kai kana da sauran zama da su. Ba ni kunun."

Kwana huɗu bayan nan ya rasu.

Da Inna ta fita takaba ta aiko aka kira ni, ta miƙo mini jakarsa. Littafin yana ciki, da Madam, da wani littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Kowace shekara shafinta daban, da rubutunsa mai kyau na mutanen safiyo. Garuruwa a jere, inda za a kwana, inda za a huta inji, inda za a tsaya a gindin tsauni a Mayo Selbe a yi salla kafin a fara hawa. A saman kowane shafi ya bar gurbin ranar tashi, babu komai a ciki. A ƙasa ya rubuta abokin tafiya, Sabi'u. Shafi goma sha ɗaya, bai taɓa canza sunan ba. A na ƙarshe, rubutun ya fara karkacewa, ya ƙara layi ɗaya a wurin hawan: a nan Sabi'u ya shiga gaba, ni in bi a hankali in yi kallo.

Ban san abin da ya sa na danna Madam ba. Ta haska, ta yi ɗan tunani, sai ta ce a fita a yi dama. Har yanzu Gembu ce a cikinta. Inna ta ce in kashe, na kashe. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "Ni na ɗaure shi ne don na ɗauka kai za ka kwance."

Alfadari yana garejin Oga Sande, ya rufe shi da buhu. Makon jiya na bi ta wurin, benci cike da ku, ana hirar wani abu daban. Oga Sande ya ja ni gefe ya ce ya canza masa filogi da sarƙa, ko yau aka ce tsauni zai hau, yaushe zan zo in ɗauka? Bakina ya buɗe da kansa. Na ji kalmar tana tahowa, har ta kai leɓe. Na haɗiye ta, na ce masa ban sani ba. Wannan ce gaskiya ta farko da na faɗa a kan tafiyar nan, kuma wanda ya kamata ya ji ta ba ya nan.

Don haka ku ci gaba da ba da labarin zauren Dogarawa da na gadar Kwangila, shi ma yana so a yi dariya. Amma sunan nan ku sauke masa shi. Yana da mai shi, ina nan a Samaru, kun san gidana.

Allah ya jiƙan Isiyaku. Ya cika rantsuwarsa, ya rufa wa ɗan 'yar'uwarsa asiri har kabari. Wannan tafiyar da ya yi ba ɗan rakiya, Allah ka sauƙaƙa masa hawanta, ka yaye masa tamfol, ka bar shi ya yi kallo.